Yadda Ake Gina Ƙarfin Jikin Yaro Mai Koyon Karate, Judo ko Taikwando

Idan kana son sanin ƙarfin yaro a wasan kare kai, kada ka kalli ƙafar da ya ɗaga ya kai shuri. Kalli wadda ya bari a ƙasa. Sau da yawa za ka ga yaron da shurinsa ke kaiwa har kan abokin wasansa, amma ƙafar da ya tsaya a kai rawa take yi, gwiwar ta karkata ciki, dunduniya ta ɗaga, hannuwa suna ta lalube a iska. Yana sauke ƙafa sai ya yi taga-taga kamar zai faɗi. Irin wannan yaro yana da laushin jiki, yana da zuciya, ginshiƙi ne ya rasa. Gina ginshiƙin nan aikinmu ne, mu iyaye da masu horarwa, kuma ba a gina shi yadda babba ke gina nasa.

Ga dalili. Yaron da bai balaga ba, in ya yi wata biyu ko uku yana atisaye yadda ya kamata, ƙarfinsa zai ƙaru kowa ya gani, amma da wuya ka ga damtsensa ya yi kauri. Kaurin tsoka sai sinadaran balaga sun shigo. Abin da ke faruwa kafin nan shi ne ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke kai wa tsoka saƙo suna koyon aiki tare: wace tsoka ce za ta fara, wacce za ta tallafa, wacce za ta saki. Ke nan ƙarfin yaro koyo ne. Abin da ya maimaita daidai shi jikinsa zai riƙe, abin da ya maimaita a karkace shi ma zai riƙe shi haka nan a karkace. Shi ya sa a duk abin da zan faɗa nan gaba, kyan motsi ke gaba da yawansa.

Akwai kuma tsoron da iyaye da yawa ke yi, cewa horon ƙarfi yana hana yaro tsawo. Tsoron yana da tushe. A kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani faifan guringuntsi, daga nan ƙashi ke ƙara tsawo, kuma wurin ya fi sauran ƙashin rauni har sai ya rufe bayan balaga. Amma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a rahoton da ta fitar a 2020, ta nuna cewa horon da aka tsara shi daidai da shekarun yaro, kuma akwai babba a kansa, ba ya tauye girma. Abin da ke kawo rauni shi ne nauyin da ya fi ƙarfin yaro, da rashin iya motsin, da barin yara su kaɗai da ƙarafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2020, cewa ta yi 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu motsa jiki na kimanin minti 60 a rana, kuma aƙalla kwana uku a mako ya haɗa da abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi.

Mataki na farko: duba ko ya isa, ka kuma san inda yake

Yawancin yara kan isa fara tsararren horo wajen shekara 7 ko 8, lokacin da tsayuwarsu ta daidaita. Amma ba takardar haihuwa ce ma'auni ba. Ma'aunin shi ne: in ka ce masa "tsaya", zai tsaya? In ka nuna masa motsi, zai iya kwaikwayo ya kuma karɓi gyara? Wanda bai kai nan ba, a bar shi da guje-guje, da hawa, da tsalle-tsalle, da birgima. Wannan ne horonsa, kuma ya ishe shi. Yaro mai ciwon zuciya, ko hawan jini, ko farfaɗiya, ko sikila, ko asma mai yawan tashi, ko wanda ya taɓa karaya kwanan nan, likita ne zai fara ganinsa.

Daga nan sai ka gwada shi da abu huɗu, ka rubuta a ɗan littafi. Ya tsaya da ƙafa ɗaya ba takalmi, ka ƙirga daƙiƙa nawa zai yi a kowace ƙafa. Ya tsuguna ya miƙe sau biyar kana kallonsa ta gaba da ta gefe. Ya dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal kamar katako, ka ga tsawon lokacin da zai yi kafin bayansa ya lotsa. Sannan ya diro daga ɗan abin da bai wuce tsayin tafin hannu biyu ba, ka saurari saukarsa, ka kalli gwiwoyinsa. Ba jarrabawa ba ce, kada ka nuna masa ya ci ko ya faɗi. Kai ne kake neman sanin inda za ka fara.

Mataki na biyu: ɗumama jiki

Minti 5 zuwa 10 sun isa. Sassarfa, tsallen igiya, tafiya gefe-gefe, jujjuya kafaɗa da ƙugu, lilo da ƙafa gaba da baya, a fara ƙasa-ƙasa ana ƙarawa. Miƙa jikin nan da ake zama a ja ƙafa a daɗe, a bar shi sai an gama, lokacin da jiki ya yi ɗumi. Kuma kada babba ya hau bayan yaro ya danne shi don ƙafafunsa su buɗe. Ana yin haka a wurare da dama, ban taɓa ganin hujjarsa ba.

Mataki na uku: motsin da ake gina komai a kansu

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Tsugunawa da miƙewa. Ya buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗarsa, yatsu su ɗan kalli waje. Ya tura ƙugu baya kamar mai shirin zama a kujera, ƙirji a sama, dunduniya manne da ƙasa. Abin da za ka sa wa ido shi ne gwiwa: ta bi inda yatsun ƙafa suka kalla, kada ta faɗa ciki. In ya kasa, ajiye masa ƙaramar kujera a baya, ya taɓa ta da mazaunai ya tashi ba tare da ya zauna ba. Kalmomi kaɗan sun fi dogon bayani aiki a wurin yaro. "Buɗe gwiwa." "Danna dunduniya." Shi ke nan. Idan ya ƙware da ƙafa biyu, sai ya koma taku mai tsawo: ya jefa ƙafa ɗaya gaba, ya sauke gwiwar baya har ta kusa taɓa ƙasa, ya dawo. Daga nan sai hawa matakala ɗaya da ƙafa ɗaya, ya sauko a hankali yana ƙirga uku. Saukowar a hankali ita ce ke gyara ƙafar nan mai rawa da muka fara da ita.

Ture ƙasa da hannu, wato a dogara da tafin hannu da yatsun ƙafa, a sauke ƙirji ƙasa a ɗago. Kowane ɗan wasan kare kai ya san shi, kuma shi aka fi ɓatawa. Kalli yaro ɗan shekara tara da aka ce ya yi ashirin: na farko da na biyu lafiya lau, daga na biyar ciki ya soma taɓa ƙasa kafin ƙirji, kai yana noƙewa yana ɗagowa kamar na ƙadangare, gwiwar hannu ta baje gefe. Lissafi yana tafiya, amma ba abin da ake ginawa sai ciwon baya da wuyan hannu. Gyaran mai sauƙi ne: ɗaga wurin da yake dafawa. Ya fara da bango, sannan benci ko gefen tebur mai ƙarfi, sannan matakala ta ƙasa, sannan daɓe. Daga kai zuwa dunduniya layi ɗaya, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, ƙirji ne ke fara isa. Guda shida masu kyau a kan benci sun fi talatin na ƙadangare a ƙasa.

Ja. Wannan shi ne wanda ake mantawa, domin yana buƙatar abin kamawa. Amma bayan yaro da allon kafaɗarsa su ne birkin naushi, su ne kuma injin mai judo. A fara da rataya kawai: ya kama ƙarfen lilo ya saki jikinsa na daƙiƙa 10, a kai 20, a kai 30. Sannan a samu ƙarfe ko igiya mai ƙwari daidai ƙugunsa, ya kwanta a ƙarƙashi, dunduniya a ƙasa, ya jawo ƙirjinsa sama. In babu ko ɗaya, ku zauna kuna fuskantar juna, ka riƙe tsakiyar tawul ko ɗamarar wasansa, shi ya kama bakin biyu ya ja, kai kana sakar masa kaɗan-kaɗan.

Tsakiyar jiki. Ƙarfin naushi daga ƙasa yake tasowa, ya bi ta cinya da ƙugu ya ratsa ciki kafin ya kai hannu. In tsakiya sako-sako ce, a nan ƙarfin ke zubewa. Tsayuwar katakon nan da ka gwada shi da ita ita ce mafari, daƙiƙa 10 zuwa 20 sau uku, ba minti biyar na nuna bajinta ba. A yi ta gefe, a kan gwiwar hannu ɗaya. A kwanta rigingine, a lanƙwasa gwiwa, a ɗaga ƙugu sama a riƙe. A durƙusa kan hannu da gwiwa, a miƙe hannun dama da ƙafar hagu a lokaci guda ba tare da baya ya karkace ba. Ni nakan ɗora wa yaro ɗan littafi a gadon baya in ce kada ya faɗi. Nan take za ka ga ya nutsu.

Rarrafe. Da rarrafe yaro kan tashi, kuma ko bayan ya tashi rarrafen bai gama yi masa amfani ba. Tafiya da hannu da ƙafa gwiwa ba ta taɓa ƙasa, gaba da baya. Tafiyar ƙaguwa, ciki yana kallon sama. Tafiyar baro, inda abokinsa zai riƙe masa cinyoyi shi kuma ya taka da hannu. Waɗannan suna aikin kafaɗa da wuyan hannu da ciki gaba ɗaya, ga shi yara ba sa ɗaukar su horo, wasa suke ganin ana yi.

Sauka. Kafin ka koya wa yaro tsalle, koya masa sauka. Ya yi ɗan tsalle ya dira da ƙafa biyu, gwiwa a lanƙwashe tana kallon gaba, ya daskare na daƙiƙa biyu. Ce masa ya sauka kamar kyanwa, kada ka ji ƙara. In ka ji "tim", ba a yi ba. Idan ya iya, sai gefe-gefe, sai da juyi, sai da ƙafa ɗaya. 'Yan mata musamman su samu wannan da wuri, domin bayan balaga sun fi maza yawan samun tsinkewar jijiyar cikin gwiwa a wasannin tsalle da juyi, kuma koyon sauka yana rage haɗarin.

Mataki na huɗu: nawa, kuma yaushe

Kwana biyu ko uku a mako, da rana ɗaya aƙalla a tsakani. Minti 15 zuwa 20 bayan ɗumama jiki. Kowane motsi sau 8 zuwa 12, zagaye ɗaya a makonni biyun farko, sannan biyu, daga baya uku in jiki ya karɓa. Hutun minti ɗaya a tsakani. Zaman farko zai iya zama haka: sauka biyar tun jiki bai gaji ba, tsugunawa goma, ture benci takwas, ja da tawul goma, tsayuwar katako sau uku, a rufe da tseren rarrafe. An gama, a tashi yana son ƙari.

Doka ɗaya ce ba na sassautawa a kanta: da zarar motsi ya lalace, lissafi ya tsaya, ko da a na huɗu ne. Ya kamata yaro ya ajiye kowane zagaye yana jin zai iya ƙara biyu ko uku.

Ka kuma haɗa lissafin da kwanakin da yake zuwa ajin wasansa. In yana zuwa kwana uku a mako, ya fi kyau a liƙa horon ƙarfin a ranakun, ko a yi biyu kawai, don ya samu kwana ɗaya ko biyu da ba ya yin komai sai wasan da ransa ya so. Akwai ma'aunin da masu kula da lafiyar 'yan wasa ke amfani da shi: awoyin tsararren horo a mako kada su wuce shekarun yaron. Ɗan shekara 9, awa 9 ce iyaka, ba abin da ake nema a cike ba.

Bari in tsaya a kan wani abu da ke damuna. A daina mayar da waɗannan motsi gwale-gwale. Yaro ya makara, ture ƙasa hamsin. Ya yi surutu, tsallen kwaɗo ya zagaye fili. Abin da ake koya masa shi ne ƙarfafa jiki hukunci ne, ga shi kuma a gajiye da fushi zai yi, wato a karkace. In ya yi laifi a zaunar da shi a gefe ya kalli 'yan'uwansa na minti biyar, ya fi yi masa zafi, kuma gwiwarsa ta tsira.

Mataki na biyar: ƙari, da lokacin shigo da nauyi

Idan ya yi sau 12 zuwa 15 tsaf a zama biyu a jere, lokacin ƙari ya yi. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda: ko a sauke bencin ƙasa, ko a rage saurin saukowa, ko a koma ƙafa ɗaya, ko a ƙara zagaye. Sauri kan haifi nawa. Bayan wata biyu ko uku, wanda ya mallaki nauyin jikinsa zai iya karɓar na waje: igiyar roba mai talewa, ƙwallo mai nauyin kilo 1 ko 2 da zai rungume ya tsuguna ko ya jefa wa bango, ko ƙananan ƙarafa. Ƙari kada ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a lokaci guda. Injinan ɗakin motsa jiki an ƙera su ne daidai tsayin manya, ba su dace da ƙaramin yaro ba. Gasar "wa ya fi ɗaga mai nauyi" kuwa, a gida ko tsakanin abokai, a hana ta kai tsaye.

Mataki na shida: daidaita shi da wasan da yake yi

Mai judo da mai kokawa riƙo suke buƙata da baya da wuya. Rataya rigar wasan ko tawul a kan ƙarfe ya kama ya yi lilo, yatsunsa za su koyi riƙon tufa. A judo, wasan da Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne faɗuwa, wanda suke kira ukemi: haɓa a manne da ƙirji, hannu ya bugi katifa, kai bai taɓa ƙasa ba. Riƙe kan nan aikin tsokar wuya ne. Hanyar ƙarfafa ta ga yaro ita ce ya kwanta rigingine ya ɗaga kai kaɗan ya riƙe daƙiƙa biyar, ko ya dafa goshinsa da tafin hannunsa ya tura a hankali ba tare da kan ya motsa ba. Gadar nan da ake kafa kai a ƙasa a ɗora masa nauyin jiki, ba ta yara ba ce.

Mai karate da mai taikwando ƙugu ne da ƙafar tsayuwa. Tsayuwar mahayin doki, wadda masu karate ke kira kiba-dachi, horon cinya ce mai kyau in an riƙe ta daƙiƙa 20 zuwa 30 gwiwa a buɗe. Sai shuri a hankali: ya dafa bango, ya ɗaga gwiwa, ya miƙe ƙafa yana ƙirga uku, ya dawo da ita yana ƙirga uku, ya ajiye. Biyar a kowace ƙafa za su sa shi gumi. In ya saba, ya saki bangon. Dukan katako ko bango don hannu ya yi kanta, a bar wa manya. Ƙasusuwan yatsun yaro ma suna da faifan girman nan.

Mataki na bakwai: shekarun da yake harbawa sama

Akwai lokacin da yaro ke tsawo da sauri, 'yan mata wajen shekara 11 zuwa 12, maza wajen 13 zuwa 14. Ƙashi yana riga tsoka da jijiya tsawo, sai jiki ya ɗaure, yaron da ka sani da iya tsayuwa ya koma yana tuntuɓe da ƙafarsa. Ba lalaci ba ne. A nan ni na yi kuskure da nawa ɗan. Na ga shurinsa ya ragu ana saura 'yan makonni gasa, sai na ƙara masa tsalle-tsalle kullum da yamma. Bayan kwana goma na lura yana hawa matakala yana dafa cinya. Na ce ya nuna mini wurin, ya ɗora yatsa ɗaya a kan ɗan tudun ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, na taɓa ya zabura. Ashe ya kwana biyu yana ɓoyewa don kada in ce ba zai je gasar ba. Likita ya ce jijiyar cinya ce ke jan wurin girman ƙashin, sai an huta. Gasar da bai je ba ke nan, kuma ni na jawo.

Irin wannan ciwo yana zuwa a dunduniya ma, musamman ga masu atisaye ba takalmi a kan daɓe mai tauri. Auna tsayin yaronka duk wata uku. In ka ga ya harba, rage tsalle da gudu, ka ƙara miƙa cinya da dambubu, ka koma motsi masu sauƙi har jiki ya saba da sabon tsayinsa.

Ka koya masa bambancin ciwo biyu. Tsamin tsoka da ke zuwa washegari ya wuce cikin kwana biyu ko uku, ba komai. Amma ciwon da ke cikin gaɓa ko a kan ƙashi, wanda zai iya nunawa da yatsa ɗaya, ko mai sa ɗingishi, ko kumburi, ko mai tashinsa daga barci, a tsaya a ga likita. In kuma ya bugu a kai ya ji jiri, ko ciwon kai, ko amai, ko ya rikice, ba zai koma fili a ranar ba ko da ya rantse ya warke.

Abin da ke faruwa bayan an bar fili

A lokacin hutu jiki ke gina abin da aka nema a wurin horo. 'Yan shekara 6 zuwa 12 suna buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, 'yan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Abinci na yau da kullum mai gina jiki, a ci a ƙoshi, ya wadatar. Garin ƙara tsoka da ƙwayoyin da ake tallatawa ba na yara ba ne, masu sinadarin ƙara ƙarfi ma suna iya rufe faifan girma tun lokaci bai yi ba, yaro ya tsaya a inda yake. Ruwa kafin a fara, da tsakiya, da bayan an gama. Kuma tunda waɗannan wasanni ajin nauyi ake bi a gasa, kada ka yarda kowa ya sa ɗanka ƙin ci, ko ƙin shan ruwa, ko gudu cikin kaya masu kauri don ya sauka aji. Yaro mai girma nauyinsa hawa zai yi, a sa shi a ajin da sikeli ya nuna.

Bayan mako takwas, ɗauko littafin nan ka sake gwajin huɗu, a wuri ɗaya, ba takalmi kamar farko. Nuna masa lambobin da kansa ya ga bambanci. In ka tarar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsayuwa sosai, wanda yawanci haka ne ga masu shuri da gefe guda, to a zagaye na gaba a riƙa fara kowane motsi da mai raunin, a kuma ƙara mata zagaye ɗaya har su yi kusa da juna. In an yi dogon hutu na wata biyu ko fiye, ƙarfin da aka tara yana raguwa, don haka ranar da aka dawo a koma baya da mataki ɗaya, benci maimakon daɓe, zagaye ɗaya maimakon uku, a yi mako biyu a haka kafin a ci gaba daga inda aka tsaya.